Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga marubutan Hausa, a kan James Hadley Chase

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa gare ku 'yan uwa marubuta, malamai da hajiyoyi, masu bugawa a takarda da masu sakin nasu shafi-shafi a waya, da ƙannenmu masu tasowa. Ina fatan kowa lafiya, ya iyali, ya kuma fama da tsadar takarda da ta data.

Ni dai makaranci ne ba marubuci ba, amma tunda makaranci shi ne kasuwarku ina ga ba laifi in tsoma baki ko ba a kira ni ba. Abun da ya kawo ni maganar wani Bature ce da ya mutu tun 1985, James Hadley Chase, wanda duk ɗan Arewan da ya yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 har zuwa farkon 1990 in dai yana ɗan taɓa karance-karance to ya san sunan nan. Na san wasu za su ce to mu ina ruwanmu da wani Bature mai labarin bindiga da giya. Ku yi min haƙuri ku saurara, don roƙo na zo yi, kuma roƙon ba zai fito ba sai na fara gaya muku wane ne mutumin da abun da ya yi mana.

Sunansa na gaskiya René Lodge Brabazon Raymond. A Landan aka haife shi ranar 24 ga Disamba 1906, babansa kanar ne a sojan Ingila na Indiya kuma likitan dabbobi, amma yaro yana shekara 18 ya bar gida ya kama tallar littattafai. Gida-gida yake bi yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tallar kundin ilmi na yara, daga baya ya samu aiki wajen manyan diloli masu sarin littattafai. Ku riƙe wannan wajen da kyau don a ganina nan sirrin yake. Mutumin da aka sha rufe wa ƙofa a fuska, wanda kuma ya zauna yana kallon wane littafi ake kwasa wane ne yake kwana a sito yana shan ƙura, ai ya san abun da mai karatu yake so tun kafin ya ɗora yatsa a kan tafireta. Ya lura labaran 'yan fashin Amurka suna tafiya a kasuwa, sai ya nemo taswira da ƙamus na Turancin 'yan tasha irin na can, ya zauna ya rubuta No Orchids for Miss Blandish aka buga a 1939, kuma littafin ya yi kasuwa ta fitar hankali lokacin yaƙin duniya na biyu, shi kansa ma sojan sama ya shiga a yaƙin. Daga nan bai ajiye ba sai 1984 da ya fitar da Hit Them Where It Hurts. Littattafai wajen 90 cikin shekara 45, ku lissafa da kanku, kusan biyu ke nan duk shekara, wasu ma da wani sunan ya fitar da su kamar Raymond Marshall. Ya koma Faransa da zama a 1956, daga can sai Suwizalan a 1969, can ya mutu ranar 6 ga Fabrairu 1985 a wani ɗan gari kusa da Vevey a bakin tafkin Janeba. Mutum ne da ba ya son hira da 'yan jarida, ba ya son fita taro, shi dai a bar shi da aikinsa.

Abun dariyar kuma, Amurkan da muka haddace lungunanta daga bakinsa shi kansa bai zauna cikinta ba, 'yan gajerun ziyara kawai ya kai. Paradise City ɗin nan ta jihar Florida da rabin labaransa na baya-baya suke faruwa a ciki, babu ita a taswira, shi ya gina abarsa. Akwai wani ɗan ajinmu da ya dinga rantsuwa in Allah ya kai shi Amurka can zai fara sauka.

Mu kam ba a kanti muke sayensa ba, ina muka ga kuɗin. Aro ne da musaya, sai kuma masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa bakin gidan waya ko bakin kasuwa, ka kai naka ka ɗora 'yan kwabbai a ba ka wani. Gaisuwar ma a lokacin ita ce kai wane Chase ne a hannunka. Littafi ɗaya sai ya zaga ɗakin kwanan ɗalibai kaf, kafin ya dawo hannun mai shi bango ya fita gefen takardun ya yi baƙi da man ƙuli-ƙuli da manja. Bangon nan kuwa na bugun Corgi dama shi ne masifar, hoton mace da 'yan guntayen kaya riƙe da bindiga ko damin kuɗi, wadda sau da yawa ko alaƙa ba ta da ita da labarin da ke ciki, sabida haka abu na farko in Chase ya zo hannunka shi ne ka nemo takardar siminti ko tsohuwar kalanda ka naɗe shi ka rubuta sunan wani darasi a kai da manyan baƙaƙe. 'Yan mata suna can da littattafan soyayya na Mills & Boon, wasu da jerin labaran marubutan Afirka na Pacesetters, ko da yake na san mata da yawa da suka fi mu haddace Chase ɗin, kawai dai ba sa surutu a kai. Akwai kuma mugayen da in sun gama sai su yage shafi biyun ƙarshe don ƙeta kawai, ka taho tiryan-tiryan har ƙarfe biyun dare da tocila a ƙarƙashin bargo batir ya yi ja, ka juya shafi ka ga wayam. Allah ya isa tsakaninmu da su har yau. Malaman Turanci ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, in aka kama ka da shi lokacin firef an ƙwace ke nan, amma mun sha hango littafin da aka ƙwace bayan kwana biyu a hannun malam a ofis yatsansa a tsakiyar shafi. Kuma gaskiyar da ba a son faɗa, da yawanmu Turancin da muka ci jarrabawa da shi a wajen Chase muka tsince shi, don shi ne littafi na farko da muka karanta daga bango zuwa bango ba don tsoron bulala ba.

To me ya sa ba a iya ajiye shi? Nan nake so ku matso kusa, don ku ne masu sana'ar.

Yawancin mutanen Chase ba jarumai ba ne. Ba ɗan sarki, ba ɗan mai kuɗin da ya dawo daga Landan da digiri uku yana taku ɗai-ɗai. Ɗan ƙaramin ma'aikaci ne, mai sayar da inshora, akawun banki, makaniki, mai gyaran talabijin, mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kuma yana da wani abu guda da ransa yake so wanda aljihunsa ba zai iya ba. Sai Chase ya ajiye masa kuɗi a inda hannunsa zai kai, yawanci kuma da mace a tsaye kusa da kuɗin. Shi ke nan fa. Daga nan sai ya dinga zuba masa tsaba kamar kazar da ake so ta shiga akurki, yana tsattsaga yana matsawa, kai mai karatu kana ganin ƙofar kana cewa kar ka shiga kar ka shiga, kuma a can ƙasan ranka ka san da kai ne ma wataƙila da ka shiga.

Ku ɗauki Come Easy, Go Easy na 1960. Chet Carson ma'aikacin kamfanin da ke ƙera sef ne, akwatin ƙarfen nan na ajiyar kuɗi, aikinsa ke nan ya je gidajen masu kuɗi ya gyara ko ya buɗe in makulli ya ɓata. Kullum yana kallon dukiyar mutane yana komawa gida da aljihu fayau. Rana ɗaya shi da abokinsa suka ce bari su taɓa, abu ya ɓaci aka kama shi aka kai shi wani mugun kurkuku, ya gudu, ya faɗa wani gidan mai a tsakiyar daji inda wani dattijo mai kirki ya ɗauke shi aiki ya riƙe shi kamar ɗa. Kai har ka fara cewa alhamdulillahi ya tsira. Ashe dattijon yana da matashiyar mata, kuma yana da sef cike da kuɗi, kuma irin wanda Chet ya iya buɗewa ne, sannan matar ta gano ko shi wane ne. Ko ka buɗe ko in kira 'yan sanda. Mutum uku ne fa a gidan mai ɗaya, babu aljani babu boka babu jirgin sama, amma wallahi ba ka iya tashi ka sha ruwa. Ba zan faɗa muku ƙarshen ba, ku nema.

Ko Just Another Sucker na 1961, wanda aka yi fim ɗinsa a 1998 da sunan Palmetto. Harry Barber ɗan jarida ne da aka ƙulla wa sharri ya yi zaman gidan yari, ya fito ba aiki yana cin na matarsa yana jin haushin duniya. Sai matar wani attajiri ta zo masa da shawara wai su shirya garkuwar ƙarya da 'yar mijinta, yarinyar ma tana ciki, shi aikinsa kawai ya buga waya ya karɓo kuɗin fansa a ba shi kasonsa. Ya yarda. To ana cikin haka sai ofishin mai gabatar da ƙara ya ɗauke shi aiki a matsayin mai magana da 'yan jarida a kan wannan shari'ar dai, wato kullum yana zaune a ɗakin da ake farautarsa yana jin yadda ake matsowa kusa da shi, sannan kuma sai ga yarinyar a mace da gaske. Dubi wannan ƙulli don Allah. Irin wannan nake nufi in na ce mutumin ya san aikinsa. Haka Tiger by the Tail, wani kamilin ma'aikacin banki matarsa ta yi tafiya ya ce bari ya ɗan leƙa waje dare ɗaya tak, daren nan aka kashe matar da ya je wajenta yana cikin gidan.

Wani abun da nake jinjina masa shi ne bai raina sana'ar mutane. In zai ba ka labarin ɓarayi za su tare motar kuɗi, kamar a The World in My Pocket, sai ya zaunar da kai ka san yadda motar take, wa ke tuƙi, ƙarfe nawa take wucewa, me zai faru in direba ya danna maɓalli, a ina za a ɓoye ta, har sai ka ji kai ma kana cikin shirin, sannan ya bari abu ɗan ƙarami wanda ba wanda ya lissafa da shi ya warware komai. Zafin rana, tsoron mutum ɗaya, kishi a kan mace. In labarin damfarar inshora ne akwai wani tsoho Maddox a kamfanin, da ya ɗauki takardar neman diyya ya juya ta sai ya ce wannan tana wari, ya tura yaronsa Steve Harmas ya tono. Ta nan na fara sanin yadda inshora take aiki tun ban taɓa ganin takardarta da idona ba. Kuma duk wannan bayanin ba ya tsayar da labari don ya yi maka lacca, cikin tafiya kake tsinta. Babi gajere, zance gajere, ba ya ɓata shafi uku yana siffanta labulen falo. Littafin duka da wuya ya wuce shafi ɗari biyu.

Ga kuma ban dariya. Ɗan sandan ciki Tom Lepski na Paradise City, mai son a san da shi mai zafin kai, a waje kowa na tsoronsa a gida kuma matarsa Carroll ta fi ƙarfinsa, kullum tana ƙona girki, kullum tana so a ƙara masa girma, har takan kwashi kwalbar giyarsa ta kai wa wata tsohuwa 'yar duba don ta gano masa mai laifi, shi yana ta bala'i, kuma wani sa'in maganar tsohuwar sai ta zo daidai. Ku gaya min wace unguwa ce a ƙasar Hausa ba a san irin wannan gidan ba. Ga saje Beigler da kofin gahawarsa da ba ya rabuwa da shi, ga Al Barney ƙaton nan mai tumbi da ke zaune bakin teku, ba abun da ke faruwa a garin bai sani ba amma ba zai buɗe baki ba sai ka saya masa abun sha. Mutanen nan suna dawowa daga littafi zuwa littafi har suka zama kamar 'yan unguwarmu.

Kar ku ɗauka waliyyi nake kawo muku. Mutumin yana da nasa, kuma manya ne. Matan littattafansa kusan kala biyu ne, ko muguwa mai kyau da za ta kai ka ta baro ko baiwar Allah da ke gida tana jira, in ka cire irin su Helga Rolfe da ya ɗan ba ta kai da zuciya irin na mutum. Yadda yake siffanta baƙar fata da sauran waɗanda ba Turawa ba kuwa, yanzu in na sake karantawa raina ɓaci yake. The Vulture Is a Patient Bird na 1969 a Afirka ta Kudu ya ajiye labarin, ana neman wani tsohon zobe mai guba, labari ne mai ja sosai amma Zulu ɗin da ke ciki ba su da wani aiki sai riƙe mashi da bin mutane a daji. Muna yara muna karantawa muna goyon bayan Turawan, Allah ya kyauta. George Orwell, marubucin nan da aka fassara mana littafinsa da sunan Gandun Dabbobi, ya rubuta doguwar maƙala a 1944 yana sukar rashin imanin da ke cikin Miss Blandish, duk da bai musa cewa an iya rubutun ba. A 1942 kotu a Ingila ta ci tarar Chase da kamfanin da ya buga masa fam 100 kowannensu sabida batsa a wani littafinsa na farko-farko. Sannan an taɓa kama shi da ɗebo daga rubutun Raymond Chandler, wani marubucin labaran bincike na Amurka, har sai da ya fito ya ba da haƙuri a rubuce. Na kawo waɗannan biyun na ƙarshe da gangan, don ina ganin su a cikinku yanzu. Masu cika labari da batsa don a shiga gurup a biya, ku sani wallahi ba don wannan muka riƙe Chase ba, bangon ne kawai yake ihu, cikin littattafansa na baya-baya in an zo wajen nan ƙofa yake ja ya wuce, abun da ya riƙe mu shi ne me zai faru a shafi na gaba. Masu kallon fim ɗin Indiya ko na Turkiyya su canza sunaye su sa Hajiya da Alhaji su ce nasu ne kuma, mu masu karatu muna ganewa fa, kawaici muke yi.

To ga roƙon. Ina so ku rubuta mana labarin laifi da bincike na ƙasar nan, da Hausa, da irin wannan ƙwarewar. Ban ce ba a taɓa yi ba, tun zamanin su Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina an nuna harshen nan zai iya ɗauka, kuma a adabin kasuwar Kano akwai waɗanda suka gwada suka kuma yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma ku faɗi gaskiya, in aka tara abun da kuke fitarwa a shekara, kishiya da uwar miji da auren dole da ɗan mai kuɗi ya auri 'yar aiki sun cinye kusan duka. Ban raina soyayya ba, ita ta riƙe kasuwar nan shekara da shekaru kuma ita ta koya wa mata da yawa karatun boko a cikin ɗaki. Amma haba, ciki ɗaya ba ya rayuwa da tuwo kullum.

Shi Chase sai da ya nemo taswira kafin ya san garin da yake ba da labari. Ku kuwa a ciki kuke kwana. Bari in ba ku misali kyauta. Yaron shago ne a Kantin Kwari, shekararsa takwas da ubangidansa ko allura bai taɓa ɗauka ba. Ranar Juma'a da yamma aka ba shi jakar kuɗi ya kai banki, gosulo ya riƙe shi ya tarar an rufe, maigida kuma ya riga ya hau jirgi zuwa Umara, wato kuɗin nan a hannunsa za su kwana har Litinin. A gidan su yarinyar da yake nema kuma an ba shi wa'adin lefe ko a ba wani. Sai wani abokinsa ya ce ai akwai harkar da in aka zuba kuɗi daren Juma'a kafin Lahadi sun dawo da riba, ba wanda zai sani. To bismillah, ku ɗora daga nan. Ba ku buƙatar bindiga ko ɗaya a babi goman farko. Ko uwar adashin da ta taɓa kuɗin mutane don ta rufe wani ramin, kwasa ta zo kan matar ɗan sanda. Ko mai POS da aka turo wa kuɗi masu nauyi bisa kuskure ya yi shiru, ashe kuɗin fansa ne kuma masu shi suna da lambarsa. Ko direban tanka, ko mai gadin sito, ko dillaliyar da take shiga gidaje goma a rana ta san inda kowace hajiya take ajiye gwal ɗinta. Ƙwacen waya, 'yan damfara masu kira su ce daga banki ne, fasa-ƙwauri a kan iyaka, rikicin gado da takardar fili guda da aka sayar wa mutum uku, duk suna nan kuna wucewa ta kansu kullum kuna tafiya neman labarin wani attajiri a Dubai.

Maganar garkuwa da mutane kuwa a yi hattara. Wajen Chase abun nishaɗi ne na masu kuɗin wata ƙasa, mu nan ciwo ne da ke cikin gidajenmu, akwai wanda zai karanta littafinku alhali gonarsu aka sayar aka karɓo babansa, ko ma ba a karɓo shi ba. In za ku taɓa wajen to ku taɓa da mutunci, kar ku mai da ɗan bindiga gwarzo. Ni da za ku ji tawa ma, labarin da ya fi ban tsoro ba na wanda ke daji ba ne, na infoman da ke cikin gari ne, wanda ake sallah sahu ɗaya da shi, ya zo jaje ya zauna a tabarma har da hawaye. Yaya aka yi ya fara, nawa aka fara ba shi, yaya yake barci. Wannan ne irin mutumin da Chase zai ɗauka.

Na san abun da wasu za su ce, wai irin wannan rubutun koya wa yara sata ne kuma hukumar tace littattafai ba za ta bari ba. Ni dai a duk Chase ɗin da na karanta da wuya ka ga wanda ya ci kuɗin haram ya kwana lafiya da su. Wani ya mutu a kansu, wani ya ƙare a kurkuku, wani kuɗin suna gabansa ba halin taɓawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, abun da yake faɗa ke nan littafi bayan littafi, amma bai taɓa tsayawa ya ce to jama'a darasin da za mu koya shi ne kaza ba. Kai da kanka za ka rufe littafin jikinka a sanyaye. Ku ma ku yarda da mu haka, ku daina tsayar da labari a tsakiya kuna mana wa'azi na shafi biyar, muna zuwa masallaci muna kuma jin tafsiri.

Sai dai fa aikin yana son wahala, ba a yin sa daga kan gado. Ku je kotun majistare ku zauna a benci na baya ku ji yadda ake karanta tuhuma da yadda ake neman beli da yadda mai gabatar da ƙara yake cewa ba a gama bincike ba a ɗage. Ku samu tsohon ɗan sanda mai ritaya a unguwarku ku kai masa goro, ku tambaye shi yadda ake ɗaukar sitatimen, wa ke zama a kanta, me ake rubutawa a littafin caji ofis, me difi'o yake iya yi me ba ya iyawa, yaushe ake mai da fayil sashen binciken manyan laifuka. Ku tambayi nas abun da ke faruwa in an kawo gawa asibiti da daddare, da yadda dangi suke matsawa a ba su su binne kafin azahar tun ba a duba komai ba, wanda wannan kaɗai ya isa a gina littafi a kai. Kar ku kawo mana ɗan sanda mai doguwar kwat da hular malafa yana ɗaukar zanen yatsa a Kurna kamar a Miami. Ku ba mu kofur ɗin da muka sani, wanda babur ɗinsa ba mai, wayarsa ba kati, amma yana da hanci kuma abun ya tsaya masa a rai. Kuma don girman Allah in bincike ya cije kar a ce an yi mafarki an ga mai laifin, ko wani malam ya buga ƙasa ya faɗa, ko mai laifin ya haukace ya tona kansa a kasuwa. Ku ajiye mana alamu tun daga farko yadda in mun kai ƙarshe za mu dawo baya mu ce kai, ashe ga shi nan an nuna mana ba mu lura ba.

Abu na ƙarshe, ku gama labari a littafi ɗaya. Wannan ɗabi'ar ta mu haɗu a kashi na biyu, na uku, na huɗu, ko shafi na 120 a waya ana ta jan abun da bai wuce shafi talatin ba, ita take kashe irin wannan labarin tun bai tashi ba. In kuna da ƙungiya, kuma na san kuna da su a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Gusau har da na cikin waya, ku sa gasa ko ta ƙaramin kuɗi ce a kan labarin bincike zalla, a ƙayyade tsawo, a samu tsohon lauya ko tsohon ɗan sanda cikin alƙalan. Wanda ya fara fitar da mai kyau ni dai na yi alkawari zan saya da kuɗina, ba zan jira a turo min a gurup ba, kuma zan saya wa 'ya'yana nasu daban don na san halinsu da littafi.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a alƙalami. A gaida mutan gida.

Naku,
wani tsohon makaranci daga Kano